Hilux ɗin Alhaji da kayan zangon da suka tsaga mata shasi

Motar Toyota Hilux ce mai ƙofa huɗu, cikin ƙirar da aka yi daga 2005 zuwa 2015, injin dizal mai lita 2.5, da giyar da ke jan tayoyi huɗu. Mai ita ɗan kasuwa ne a Aboabo cikin Kumasi, ƙasar Ghana, sarin masara da wake yake yi. Alhaji kowa ke ce masa, haka zan kira shi a nan. Ya saye ta a hannun wata ƙungiya da ta gama aikinta a arewacin ƙasar, ta kuma yi masa shekaru tana jigilar buhuna tsakanin Techiman da Kumasi ba ta taɓa kwana a hanya ba. Matsala ta fara ne ranar da ya yanke shawarar mayar da ita motar zango, wadda za a ci, a sha, a kwana a jikinta cikin daji ba sai an nemi masauki ba.

Sha'awar tana da tushe. Kakan mahaifinsa yana cikin fataken da suka watse daga Salaga bayan yaƙin basasar 1892, wasu suka nufi Kete Krachi, wasu Yeji, wasu suka gangaro Kumasi. Alhaji ya tashi yana jin labarin Gwanja a bakin tsofaffi, labarin madugu da ayarin jakuna da goron da ake kaiwa Kano, amma ƙafarsa ba ta taɓa taka Salaga ba. Tamale ya sha zuwa, sai dai kullum ta babban titi, ya sauke kaya ya juyo. Da yara suka girma suka riƙe masa shago, sai ya ƙudura zai bi tsohuwar hanya da iyalinsa: Mampong, Ejura, Atebubu, Yeji, a tsallaka tafkin Volta a jirgin fito zuwa Makango, a shiga Salaga, daga nan Tamale, sannan a karkata yamma a ga Daboya da Larabanga da gandun dajin Mole. Ɗan ƙanwarsa, wanda ke tuƙa shi in tafiya ta yi nisa, shi ya rura wutar. Ya riƙa nuna masa bidiyon motocin Ostareliya da na Afirka ta Kudu a YouTube, masu tanti a kan rufi da firji a baya, yana cewa, "Kawu, duk wannan a Magazin za a yi mana shi, ba sai mun yi odar komai ba."

Aikin farko

Yaron bai yi ƙarya ba. Magazin ta Suame, a arewacin Kumasi kan hanyar Offinso, ta tara dubban makanikai da masu walda da masu fenti da 'yan lantarki, kuma babu abin ƙarfen da za ka nuna musu hotonsa a waya su ce ya fi ƙarfinsu. Sai dai abin da ka ce a yi maka shi za a yi, kuma hannu da yawa a wurin a kan manyan motoci ya goge, inda kaurin ƙarfe shi ne mutuncin aiki. Mai waldar da Alhaji ya samu bodin tirela ya saba ginawa. Da ya ga hoton, tambaya ɗaya ya yi: "Alhaji, mai ƙarfi kake so ko na ado?" Wa zai buɗe baki ya ce na ado yake so?

Aka gina ɗakin ƙarfe a kan bodi da bututu mai kusurwa huɗu, faɗinsa milimita 50, kaurinsa 3, aka lulluɓe shi da falan ƙarfe. A samansa aka ɗaura tanti mai naɗewa da tsaninsa, na hannu, wanda aka samo daga Accra. Gaba aka cire bambar kamfani aka sa ta ƙarfe mai ɗauke da winci, wato injin da ke janyo mota da igiyar ƙarfe in ta kafe, aka jera fitilu shida a kai. Baya ma aka yi bambar ƙarfe mai hannu biyu masu buɗewa gefe, ɗaya na riƙe da safaya ta biyu, ɗaya na riƙe da jarkokin dizal biyu. Tankin ruwa mai lita 120 aka ajiye shi a bakin ƙofar baya, don Hajiya ta sami famfo kusa da inda za ta yi girki, masu alwala kuma kada su sha wahala. Sai durowa biyu na katako, firji, batir na biyu, da tukunyar gas mai kilo 14.5. Daga ƙarshe aka cire tayoyin da ta zo da su aka sa manya masu haƙora, lamba 285/75 R16.

Da aka sauke ta daga jak, motar ta zauna a baya, hancinta ya ɗaga sama. Aka kai ta wurin mai sifirin, ya ƙara falle biyu a kowane gefe, ta miƙe ɗoɗar. Kowa ya gamsu. Ranar Juma'ar farko da Alhaji ya faka ta kusa da masallaci, sai da aka yi cincirindo.

A ganina nan ne lamarin ya karkace. Zaman da motar ta yi a baya shi ne kaɗai gargaɗin da za ta iya bayarwa tun tana gida, kuma shi aka biya kuɗi aka toshe.

Daga Kumasi zuwa Daboya

Su huɗu suka tashi cikin hunturu: Alhaji, Hajiya, 'yar autarsu, da ɗan ƙanwar nan a kan sitiyari. Alamu sun fara tun a hawan Mampong. Inda motar ta saba haurawa da giya ta uku sai da ta nemi ta biyu, allurar zafi kuma ta ɗan ɗaga. Bayan Ejura direban ya ce, "Kawu, sitiyarin nan ya yi sakayau, ba na jin tayoyin gaba sosai." Alhaji ya ce sabbin tayoyi ne, za su zauna. A Yeji, wajen hawa jirgin fito, bambar baya ta karci ƙarfen gangaren da ƙara mai tayar da hankali, ma'aikatan jirgin suka yi ta ihu a ja a hankali.

Salaga ta biya Alhaji. Ya gai da manya da goro kamar yadda ake yi, aka nuna musu tsofaffin rijiyoyin garin da wurin tsohuwar kasuwa, aka ba su fili kusa da wata makaranta suka kafa zango. Famfon ya yi aiki, firjin ya riƙe nama. Abu biyu ne suka ba da matsala. Hajiya ta hau tsani daren farko, da asuba ta sauko tana riƙe da gwiwa ta ce, "Alhaji, ni da tsanin nan mun yi hannun riga." Daga ranar ita da 'yarta a cikin mota suke kwana, maza a sama. Na biyu, da safe motar ta ƙi tashi. Mai lantarkin da ya haɗa batir na biyu ya ɗaure shi kai tsaye da na injin, ba tare da abin da zai raba su in an kashe mota ba, firji ya kwana yana shan su biyun. Wani mai tarakta ne ya ba su wuta.

Daboya tana bakin Farin Volta, garin masaƙa ne da aka sani da rigunan saƙi da gishiri tun zamanin fatake. Wanda ya zo ta ɓangaren Tamale kai tsaye a bakin kogi zai tsaya ya shiga kwalekwale, don haka suka zagaya da mota: gadar Yapei, mararrabar Fufulso, sannan a Busunu suka bar kwalta suka shiga jar hanya. Kafin su bar Tamale mai faci ya dubi kayan da ke kan motar ya cika tayoyin baya da iska har awo 50 a geji, wai don kada su kwanta.

Duk wanda ya san hanyoyin marmara na arewa da rani ya san gargadar nan mai jere-jere da tayoyin manyan motoci ke bari. In ka bi ta a hankali haƙoranka su yi ta kaɗawa, in ka taka wuta zuwa 70 ko 80 sai motar ta riƙa tsallake ramukan, ka ji kamar hanya ta yi kyau. Direban ya zaɓi na biyu. Cikin ƙurar wata babbar mota da ke gabansu bai ga gangaren wani busasshen rafi ba sai da ya shiga. Gaban motar ya wuce lafiya. Bayan ya nutse, ya daki ƙasa, ya yi sama, ya sake dawowa. Suka tsaya suka duba tayoyi, ba abin da ya fashe, suka ci gaba.

Washegari Alhaji yana tsugune yana alwala a gefen motar idonsa ya kai kan ratar da ke tsakanin kan mota da bodi. A ƙasa yatsa biyu ne, kamar yadda ya santa. A sama tafin hannunsa gaba ɗaya ya shige. Yaron ya kwanta ƙarƙashi da fitilar waya, ya ga tsaga a saman ƙarfen shasi, wato dogayen ƙarafan da motar ke zaune a kai, hagu da dama, ɗan gaba da tayoyin baya, fenti ya ɓare a wurin, ƙarfen ya ɗan tanƙware. Shokozoba ɗaya kuma ta zubar da manta duka.

Abin da suka yi bayan haka shi ya ceci motar, kuma ya kamata a yaba musu. Ba su ce bari mu lallaɓa mu ƙarasa Mole ba. Suka zubar da ruwan tanki, suka kwance safaya da jarkoki da durowa suka ɗora a wata motar kaya ƙirar Kia mai zuwa Damongo, suka bi ta a baya da tafiyar hawainiya. A Damongo wani mai walda ya ɗana faranti a kan tsagar don ta kai su gida. Larabanga da Mole a motar haya suka je, suka bi jami'in gandun daji mai bindiga da ƙafa, suka ga giwaye a bakin tafki. Dawowa ta kwalta suka yi, Buipe, Kintampo, Techiman, da rana kawai, ba su wuce 60 ba.

Sikelin masara

A Kumasi aka haɗa Alhaji da wani dattijon makanike ɗan Asawase da ke da shago a Magazin, wanda ya daɗe yana gyaran fikof-fikof na kamfanonin haƙar zinariya. Masta ake ce masa. Ya zagaya motar sau ɗaya, bai ko sunkuya ba, ya ce, "Alhaji, ka auna ta?"

Alhaji ya ce a auna me?

Masta ya nuna masa farantin kamfani da ke manne a jikin motar, inda aka rubuta iyakar nauyin da aka yarda ta kai da komai da komai. In aka cire nauyin ita kanta motar, abin da ya rage wa irin wannan Hilux mai ƙofa huɗu bai wuce kilo 850 ba, ko ƙasa ko sama kaɗan gwargwadon ƙirarta. Kuma a cikin wannan adadin ne direba da fasinjoji suke. Mutane da yawa suna ɗauka lissafin na kayan bodi ne kaɗai.

Sai Masta ya sa aka ɗauko sikelin da Alhaji ke auna masara da shi a shago, yaran shago suka riƙa kwance kaya ɗaya bayan ɗaya suna ɗorawa. Ɗakin ƙarfen kaɗai ya kai kilo 210, domin irin wannan bututu kowace mita ta fi kilo 4, kuma an ci kusan mita 30, ban da falan da aka lulluɓe shi da shi. Tanti 65. Bambar gaba da winci 95. Bambar baya da safayarta da jarkokinta cike, 150. Tankin ruwa cike, 135, tunda kowace litar ruwa kilo guda ce. Durowa 60, firji da abin da ke ciki 40, batir 30, tukunyar gas 30, kayan aiki 40, abinci da jakunkuna kusan 80. Mutum huɗu aka ƙiyasta su 300. Jimla 1,235. Motar ta bar Kumasi da abin da ya kusa kilo 400 fiye da ƙa'idarta. Mutumin da ba ya karɓar buhu sai ya ga allurar sikeli, tasa motar bai taɓa tunanin aunawa ba, kuma shi da kansa ya fara yin dariyar abin.

Amma bai sallama nan take ba, kuma hujjarsa ba ta banza ba ce. Ya ce, "Masta, motar nan na sha ɗora mata buhu goma sha biyu daga Techiman, ba ta taɓa cewa uffan ba."

Amsar Masta ita ce zuciyar wannan lamari. Buhunan masara a kan kwalta suke tafiya, kilomita ɗari da 'yan kai, a sauke su da yamma. Ana kuma fara jera su ne daga jikin kan mota, don haka mafi yawan nauyin yana gaban tayoyin baya ko a kansu. Kayan zango kuwa ba a sauke su, kuma mafi nauyinsu an rataye su ne a can ƙarshen mota. Tsakanin tayar gaba da ta baya a wannan ƙirar mita 3.085 ne. Duk kilo 100 da ka ajiye mita ɗaya a bayan tayoyin baya, tayoyin suna jin kilo 132 ne, gaban motar kuma ya rasa 32. Bambar baya da kayanta, kilo 150 a nisan kusan mita 1.3, tana danna tayoyin baya da fiye da kilo 210, tana ɗage gaba da kusan 60. Ga tankin ruwa a bakin ƙofa yana ƙara nasa. Sakayau ɗin da direba ya ji a sitiyari bayan Ejura daga nan ya fito. A mota mai ƙofa huɗu abin ya fi muni, domin kan motar ya cinye tsawon shasi, bodin da ya rage rabinsa ko fiye yana bayan tayoyin baya.

Masta ya ce, "Kakanninka da suka yi fataucin Gwanja, Alhaji, a tsakiyar bayan jaki suke ɗaura mangala. Wanda ya ɗaura a kan kuturin wutsiya ba zai kai zango na biyu ba."

Wannan lissafin na mota a tsaye ne. In ta faɗa rami da gudu, nauyin da ke can baya yana dukan ƙasa ninki biyu ko uku, tayoyin baya su zama madogara, shasi ya nemi karyewa daidai inda kan mota ya ƙare bodi ya fara. Saman ƙarfen ne ke miƙewa a wurin, shi ya sa tsagar ta fara daga sama, shi ya sa kuma ratar ta buɗe a sama ta tsaya yadda take a ƙasa. Fallen sifirin da aka ƙara ba su ƙara wa shasi ƙarfi ko na sisi ba. Sun ɗaga motar, sun kuma sa ta yi tauri, dukan da sifirin zai shanye ya riƙa wucewa kai tsaye cikin ƙarfe. Tayoyi masu iska 50 suka ƙara tauri a kan tauri. Shokozobar kamfani, wadda ba a yi ta don wannan nauyi ba, ta yi zafi a gargada ta mutu, babu mai tare bayan motar in ya yi tsalle. Masta ya ƙara da cewa shekarun buhu goma sha biyun nan ma ba su tafi a banza ba, ƙarfe yana gajiya a ɓoye, mai yiwuwa gangaren Daboya ƙarasawa kawai ya yi.

Ɗinkin shasi

An cire bodi gaba ɗaya, an sauke tankin mai, an cire kan batir da na'urar kwamfutar injin kafin a kunna walda. Masta ya sa aka yanke farantin Damongo aka goge wurin da garanda har ƙarfe ya yi fari. Ya shafa kananzir, ya goge, ya barbaɗa garin alli, sai ga layin tsagar ya fito baƙi siriri, ya fi abin da ido ke gani tsawo da kusan yatsa guda. A ƙarshen kowane layi ya huda ƙaramin rami da dirila don tsagar ta rasa inda za ta ci gaba. Aka ɗaure shasin a kan manyan ƙarafa, aka danna da jak a hankali, ana aunawa da zare daga kusurwa zuwa kusurwa har ɓangarorin biyu suka yi daidai. Sannan aka fafe bakin tsagar aka cike ta da walda kaɗan-kaɗan, ana barin ƙarfe ya huce da kansa. Wani yaro ya ɗauko ruwa zai watsa, Masta ya daka masa tsawa, domin ruwan sanyi a kan walda mai zafi yana sa ƙarfen ya yi gautsi.

Farantin ƙarfafawa bai yanke shi murabba'i ba. Ya yi shi dogo mai tsini a kai da kai, kaurinsa daidai da na shasin, ya kuma ƙi yin walda a tsaye daga sama zuwa ƙasa. Dalilinsa shi ne faranti mai kauri da baki a miƙe yana mayar da wurin dutse, sai sabuwar tsaga ta fito daidai inda farantin ya ƙare. Mai tsini yana raba nauyin sannu a hankali.

Gini na biyu

Sharaɗin Masta ɗaya ne kafin ya ci gaba: duk abin da zai hau motar sai ya hau sikeli, kuma duk mai nauyi a jikin kan mota zai zauna, a ƙasa. Aka sayar da ɗakin ƙarfen ga wani mai ɗaukar burodi, aka gina sabo da bututu mai milimita 40 da kauri 2, aka lulluɓe da alminiyam, ya tsaya a kilo 90. Bambar baya ta tafi gaba ɗaya. Safaya ta biyu ta koma cikin bodi a tsaye, jarkoki biyu a gefenta. Tankin ruwa ya koma mai lita 60, shimfiɗaɗɗe, a can gaba, aka jawo tiyo zuwa bakin ƙofa, Hajiya ba ta rasa famfonta ba. In za a daɗe a wuri, galan ɗin Kufuor biyu, irin rawayan nan na roba da ake ɗiban ruwa, da babu komai a ciki sun isa, a cika su a burtsatsen ƙauyen ƙarshe. Durowa suka ba akwatunan roba wuri, tukunyar gas ta koma mai kilo 6, aka yi mata gurbi mai iska nesa da batir.

A kan winci aka yi doguwar gardama. Alhaji yana sonsa, ya kuma biya shi da tsada. Masta ya tambaye shi a wane wata zai riƙa tafiya. Arewa damina ɗaya gare ta, daga wajen Mayu zuwa Oktoba, kuma a Agusta da Satumba, lokacin da ake sakin ruwan madatsar Bagre daga Burkina Faso, Farin Volta kan cika ya shanye hanyoyin gefensa. Mai iyali a mota ɗaya ba shi da abin yi a can a wannan lokaci, da winci ko babu. Da rani kuwa abin da zai kafe shi yashi ne, maganin yashi kuma rage iskar taya zuwa 18 ko 20, da shebur, da faranti biyu na sawa ƙarƙashin taya. Aka sayar da winci da bambarsa, aka mayar da ta kamfani, aka sa farantin kare ƙasan injin, aka sayi famfon iska mai aiki da batir da igiyar ja mai kyau. Ni kaina ina ganin famfon nan ya fi duk abin da aka saya amfani, domin direba ba ya yarda ya rage iska in ya san ba shi da yadda zai mayar da ita kafin ya hau kwalta.

Tanti kuwa Alhaji ya kafe a kansa, saboda kunama da maciji, Masta ya bar masa. An dai sauko da shi ƙasa-ƙasa an tura shi gaba. Hajiya aka saya mata na ƙasa mai gidan sauro da ɗan labulen wanka.

Tayoyin 285/75 sun fi ƙananan, 265/70 R16, tsawo da kusan kashi 7 cikin 100. Shi ya sa motar ta rasa ƙarfi a hawa, take shan mai, kuma in allura ta nuna 80 ainihin gudun ya kusa 86. Aka koma ƙaramar lambar, mai ƙarfin gefe, aka duba lambobi huɗu na jikin kowace taya masu nuna mako da shekarar da aka yi ta, don kada a sayi tsohuwa mai sabon fuska. Fallen da aka ƙara aka cire, aka sa sifirin cikakke da aka yi don ɗaukar kaya kullum, da shokozoba masu kauri. Motar tana da bawul a baya mai daidaita ƙarfin birki gwargwadon yadda ta zauna, wanda ƙarin sifirin na farko ya ruɗa shi yana ganin kamar babu kaya, shi ma aka saita shi.

Wajen wuta an sa rile mai raba batir biyu da zarar an kashe injin, da fis a kusa da kowane batir, da waya mai kauri. Batir mai 100Ah irin na dalma rabinsa kawai ake ci in ana so ya daɗe, firji kuma a zafin arewa yana iya cinye wannan rabin a yini da dare ɗaya, don haka aka ƙara farantin sola mai wat 120. Da hunturu sai an goge shi kowace safiya, in ba haka ba ƙura ta rage masa ƙarfi. Injin irin wannan yana tura mai da matsi mai tsanani, ɗigon ruwa ko ƙasa a dizal na iya kashe nozul, mai tafiya ƙauyuka kuma wata rana dole ya sayi mai a galan. Aka ƙara filta ta biyu mai ƙoƙon gilashi da ake ganin ruwa in ya taru. Fitilu shida suka koma biyu masu murfi, domin dokokin hanya na 2012, LI 2180, sun ƙayyade fitilun mota, 'yan sanda kuma sun sha tsayar da masu ƙari su sa a cire. Masta ya kuma matsa wa Alhaji ya kai motar DVLA, hukumar lasisin direbobi da motoci, a duba ta yadda take yanzu, ya sanar da kamfanin inshorarsa abin da aka canza.

Da aka sake tara lissafi, da mutum huɗu da ruwa da mai da abinci, ya tsaya a kilo 840 da 'yan kai.

Tafiya ta biyu

Da rani ya zagayo suka koma, wannan karon ta Fufulso zuwa Sawla, suka haura Wa, suka gangara Wechiau, inda mutanen yankin ke kula da dorinar Baƙin Volta a bakin iyakar Burkina Faso. A inda kwalta ta ƙare direban ya tsaya ya rage iska zuwa 28, ya riƙe gudu tsakanin 40 da 50. Kowace yamma yana kwanciya ƙarƙashi ya cire busasshiyar ciyawar da ta maƙale kusa da salansa da gaban lagireto, saboda gobara. A Mole sun kwana a filin zango na gandun, inda suka koyi rufe akwatin abinci da kwaɗo bayan wani gwaggon biri ya tafi da burodin karin kumallo. Masta ya shafa farin fenti siriri a kan ɗinkin shasi, ya ce a duba shi kowace safiya kafin a tayar da injin, in fentin ya tsage a tsaya. Bai tsage ba.

Tsugune dai ba ta ƙare ba. Kilo 840 a motar da iyakarta 850 yana nufin babu wurin tsaraba, kuma Bahaushen Kumasi ba ya dawowa daga arewa hannu rabbana. A Wa aka ba Hajiya man kaɗe da zabi, a Buipe ta ga gawayi mai araha, a Kintampo doya. Direban ya ƙi, Alhaji ya goyi bayansa, aka yi ta a bakin titi. Daga ƙarshe suka zubar da sauran ruwan tanki, suka juye jarkoki biyu a cikin motar, aka sami wurin man kaɗe da doya kaɗan, gawayin kuma aka ba motar haya ta kawo shi Aboabo. Motar ma ba ta ƙara komawa jigilar masara ba, Masta ya hana, Alhaji yana biyan Kia daga Techiman. Wani dillali da ya zo taya ta ya leƙa ƙasa ya ga farantin walda, ya rage kuɗi sosai, Alhaji ya ce dama ba ta sayarwa ba ce. Yanzu maganar da ke gabansa ita ce babban ɗansa ya ce shi ma zai bi su Gambaga da Nakpanduri in hunturu ya shigo, kuma mutum na biyar ba zai shiga ba sai an sauke tantin sama ko firji. Alhaji ya ce firji, Hajiya ta ce tanti.